Na'a-na'ar Dajin Baba Tamimu

A bayan wani tsohon gidan ajiye kaya a Stapleton, wata unguwa a New York, akwai lambun jama'a, fegi ashirin da biyu, kowane bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Mutanenmu suka fi yawa a ciki: 'yan Zongon Kumasi da na Ankara, Kanawa, da 'yan Nijar biyu ko uku. Kowa da makullinsa na ƙofar waya. Da sanyi ya ja baya sai ka ga manyan mutane, masu aikin asibiti da direbobin bas, sun duƙa suna lallashin tumatir da kuɓewa da yakuwa kamar masu renon bakwaini. Wata biyar, sanyi ya dawo ya kashe musu kaf, baɗi su sake komawa kanti su sayo iri a takarda. Su a ganinsu noma ke nan.

Fegi na ƙarshe, can jikin katanga, ƙarƙashin wata bishiya mai tare rana, shi ne na Baba Tamimu. Ranar da aka yi rabo babu wanda ya kalli wurin sau biyu. Ƙasar duk tsakuwa ce da ɓaraguzan tsohon gini, fasassun bulo da ɓawon farar ƙasar bango, ga gangara, ruwa ba ya kwana. Baba Tamimu ya zo ya tsaya, ya tona ƙasar da bakin sandarsa, ya ce a ba shi nan. Aka yi dariya aka ba shi.

Wanda bai san Baba Tamimu ba shi ke yi masa dariya. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa sai dai ya zana wata alama mai kama da ƙugiya. A Zongon Kumasi aka haife shi, ubansa Bagobiri, yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara ɗaukar koko a ka cikin kurmin Asante. A sittin da tara aka ce baƙi su bar Gana, aka kore shi wai ɗan Najeriya ne. A tamanin da uku aka ce baƙi su bar Najeriya, aka kore shi daga Legas wai ɗan Gana ne. Ƙasa biyu suka tauna shi suka tofar, bai mutu ba, ko haƙori bai zubar ba. Ya shigo New York da jaka ɗaya da takalmin aro, ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙin tasi, yana jiran fasinja a filin jirgin JFK, ya haddace birnin da ido yadda makiyayi ke haddace daji. Masu digiri nawa ya ɗauko daga filin jirgi suna karkarwar ɗari suna kiran sunan uwarsu? Shi kansa bai riƙe ba.

A tuƙin ne ya samu shukar. Akwai wata tsohuwa 'yar Italiya da yake kaiwa asibiti duk Talata. Ranar da 'ya'yanta suka zo za su mayar da ita gidan tsofaffi, ta ja shi bayan gida, ta sa ya tono wani ɗan kututture mai saiwa daga gindin katangarta, ta naɗe masa a jiƙaƙƙiyar jarida. Ta ce sunanta kalaminta, ta kurmi. Ta nuna ruwa ta girgiza kai, ta nuna dutse ta gyaɗa kai. Karatun da aka yi masa ke nan, kuma ya ishe shi, domin mutumin da ya tashi a gindin koko ya san akwai shukar da inuwa ce abincinta. Ya murza ganyen ya sunsuna, ya ce, "Wannan ai na'a-na'ar daji ce." Sunan da ya bi ta ke nan.

Shekara huɗu tana fegin. Ganye ƙanana masu gashi-gashi, kara siriri da bai wuce gwiwa ba. Ba ya ba ta taki. Ruwa ma sai in an yi mako uku sama ba ta zubo ba, shi ma rabin bokiti. In ta fara tsawo sai ya tsinke kawunan da farce don ta yi reshe. Can ƙarshen zafi, lokacin da tumatir ɗin jama'a ya fara ruɓewa a kara, sai ta fashe da fure, ƙanana, ja mai sirkin shuɗi, ƙudan zuma su cika wurin har sai mai tsoro ya kauce. In furen ya bushe ya yanke karan ya bar tsawon yatsa huɗu. Sanyi ya zo, fegin ya koma kamar ba a taɓa shuka kome ba. Sanyi ya tafi, ta leƙo da kanta. Baba Tamimu ya zauna kan juyayyen bokiti da shayinta a filas, yana kallon masu sayen iri.

"Baba, har yanzu ciyawar ce?" in ji masu wucewa.

"Ita ce. Gaishe ta, ta girme ka a lambun nan."

Ana nan sai aka zaɓi sabon shugaban kwamitin lambu, Dakta Uwaisu, Bakano, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai koyarwa a wata jami'a a ƙetaren ruwa. Kullum da safe ya hau feri, jirgin fito, a tashar St. George da jaka a kafaɗa, kullum da yamma ya dawo da sabuwar shawara. An ce a kan ƙasar noma ya yi digirinsa na uku. Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Yana gaisuwa har ƙasa. Amma Allah ya raba ka da mai takarda in ya ƙudura zai taimake ka. Shi ya kawo dokar cewa duk fegin da ba a ga abu mai rai a cikinsa ba ranar Asabar ta farko a watan Mayu, mai shi ya ajiye makulli, domin mutum goma sha ɗaya ke kan layi suna jira.

A watan Oktoba na dubu biyu da goma sha huɗu aka bugo waya daga Kumasi, yayan Baba Tamimu ya rasu. Kafin ya tafi ya je ya yanke kara, ya bar yatsa huɗu kamar kullum, ya kulle ƙofa. Ya yi niyyar wata ɗaya, rabon gida da rigimar dangi suka riƙe shi har wata biyar.

Bayan tafiyarsa da mako uku Dakta Uwaisu ya kira gayya. Ya ce a gida ba a barin gona da kara, a fito a yi shara, kowa ya taimaki kowa, kada a ce mun zo Amurka mun yar da zumunci. Jama'a suka fito, mata suka dafo wake da shinkafa, aka yi ta raha. Da aka iso fegi na ƙarshe Dakta ya tsaya ya riƙe ƙugu, tausayi ya kama shi.

"Jama'a, ku dubi inda muka bar dattijo yana wahala. Duwatsu! Shi ya sa ba abin da ke fito masa sai ciyawa. Mu gyara masa kafin ya dawo, mu samu lada."

Suka samu lada kuwa. Maza shida da shebur da manjagara. Suka tsince duwatsun tas. Suka tone ƙasar zurfin kamu biyu, suka baje gangarar, suka tayar da gefe huɗu suka bar tsakiya a kwance, fangali sosai irin na lambun rani a Kura, wanda ake yi don ruwa ya shiga ya zauna. Suka juye buhu huɗu na takin shanu. Dakta ya ɗauki hoto ya tura wa kowa a waya.

To, a Kura ruwa baƙo ne, dole ka yi masa ɗaki. A New York ruwa shi ne mai gida. Sanyin shekarar nan kuwa ba a magana. Ƙanƙara ta zubo ta cika fangalin, ta daskare, ta narke, ta sake daskarewa. Da watan Maris ya ƙare, fegin Baba Tamimu ya zama ƙaramin kududdufi, baƙi wuluk, yana wari.

Ranar Juma'a ya sauka, ranar Asabar da hantsi ya taho lambu, 'yarsa Hamdatu na biye da shi riƙe da filas. Ita ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce, ta san abin da aka yi, ta rasa bakin faɗa. Ya buɗe ƙofa, ya bi ta tsakiya yana amsa gaisuwar ta'aziyya, ya kai jikin katanga ya tsaya. Ya duba hagu, ya duba dama, ko ya yi ɓatan kai. Bishiyar dai ga ta nan.

Dakta Uwaisu ya taho da sauri yana goge hannu a wando, fuska cike da murna.

"Baba, barka da sauka, ya ƙarin haƙuri? Ka ga ɗan abin da muka yi maka? Ba yawa."

"Wa ya yi?"

"Mu duka, Baba. Gayya muka yi."

"Ina duwatsuna?"

Dakta ya yi dariya, ya waiwaya ko wani zai taya shi. "Baba, ai dutse ba ya ciyar da shuka. Yanzu ƙasar nan, in ruwan ya janye, ko alayyaho ka jefa..."

"Na tambaye ka alayyaho?"

Jama'a suka fara matsowa, kowa da abin haƙa a hannu. Baba Tamimu ya tura sandarsa cikin kududdufin, ta nutse har rabi. Ya zaro ta ya ɗaga sama, baƙin taɓo na ɗiga.

"Dakta, shekara nawa ka yi kana karatun ƙasa?"

"To, in an haɗa duka, goma sha ɗaya, Baba."

"Goma sha ɗaya. Ba wanda ya gaya maka a ciki cewa kafin ka gyara wa mutum gona sai ka tambaye shi abin da ya binne? Ko ranar da aka koyar da wannan kana zazzaɓi?"

Wani ya ƙyalƙyale ya toshe baki.

"Baba, wallahi busassun kara kawai muka gani. Ta mutu tun kafin mu taɓa."

"Kai in ka yi barci, mutuwa ka yi? In na same ka kana minshari sai in kira gayya mu binne ka, mu samu lada?"

"Baba, don Allah," in ji Hamdatu tana jan hannun rigarsa.

Dakta Uwaisu ya ga idon mutane a kansa, sai mai takarda ya koma ga takarda. Ya ce a yi haƙuri, abin da ya faru ya faru, shi da kansa zai kawo wa Baba dashen tumatir da attarugu. Amma dai a tuna doka doka ce, Asabar ta farko a Mayu sai an ga abu mai rai a kowane fegi, ba sani ba sabo.

A nan ne Baba Tamimu ya yi abin da Hamdatu ta yi mako tana mita a kai. Ya ciro makullin daga aljihu ya ɗaga shi.

"Ku zama shaida. Ba tumatir, ba attarugu, ba alayyahon Dakta. Abin da na bari shi za ku gani. In ranar ta zo babu na'a-na'ata a tsaye a fegin nan, ni da hannuna zan miƙa makullin nan, ba sai an karanta mini doka ba."

A hanyar gida Hamdatu ta ce, "Baba, me ya kai ka rantsuwa? Ka sa tumatir biyu mana ka riƙe wurinka. Ko in duba maka a intanet, ana sayarwa."

"Ki duba wa mijinki. Ni abin da aka ba ni hannu da hannu nake nema."

"In ka rasa fegin ina za ka riƙa zuwa? Ka zauna a ɗaki kana faɗa da talabijin?"

Gaskiya ta faɗa. Tun da gwiwa ta raba shi da mota, masallaci da lambun nan su ne fitarsa.

Saura mako huɗu. Ya fasa gefen fangalin da sanda, ruwan ya tsiyaye. Ya jira kwana uku, ya zo da tsohon buhu ya shimfiɗa, ya durƙusa a kan gwiwar da likita ya ce kada ya durƙusa a kanta, ya shiga lalube da yatsu. Taki, taɓo, tana. Sai can ya ci karo da saiwa. Ya jawo, ta taho laɓe-laɓe, baƙa, ya matsa ta fashe kamar dafaffiyar taliya. Ya sunsuna, ba ƙamshi, sai ɗoyi. Kwana tara yana wannan, kamu bayan kamu, daga katanga har bakin hanya. Abin da ya tara bai cika tafi biyu ba, kuma duk ruɓaɓɓe.

Masu tumatir suna wucewa suna yi masa sannu da aiki da muryar gidan makoki. Dakta ya kawo dashe shida a kwali ya ajiye masa a gefe. Baba Tamimu ya ture kwalin da ƙafa zuwa fegin maƙwabciya.

Maƙwabciyar ita ce Anti Afua, 'yar Kumasi, mai sayar da kayan miya a wani shago a unguwar, wadda ta girma a bakin Zongo har Hausa ta zauna mata. Ita kaɗai ce ba ta taɓa kiran shukar ciyawa ba, domin yana tsinko mata in cikinta ya kumbura. Ranar ta tsaya tana kallonsa yana juya ruɓaɓɓun saiwoyin a tafi.

"Ei, Papa Tamimu, ka tashi haka nan. Ƙafanka zai lalace."

Bai ɗago ba. Lissafin da ke kansa daban ne. Shukar shekara huɗu, wadda ta bazu ta kusa cika fegi, saiwarta ta fi ƙarfin tafi biyu. Ko rabin rabi bai gani ba.

"Afua, kina nan ranar gayyar?"

"Ina nan. Ni na dafa waken. Amma ban taɓa shebur ba, Allah ya gani."

"Da suka tono, abin da ya fito ina suka kai?"

"Wane abu? Dutse ne kawai da datti."

"Dattin nake tambaya."

Ta nuna da haɓa. "Can bayan ɗakin shebur. Baro nawa suka tura. Dakta ya ce mota zai zo ya kwashe ran Alhamis."

Ranar Litinin ce. Baba Tamimu ya dafa sanda ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara, bai saurare ta ba. Bayan rumfar kwanon da ake ajiye kayan aiki, a lungun da ba mai leƙawa, ga tsibin nan ya kai ƙugu: duwatsunsa, bulonsa, farar ƙasarsa, an haɗa da fasassun tukwanen roba da igiyoyin tumatir ɗin bara. Inuwar rumfar na rufe shi rabin yini. Ruwa ba shi da wurin tsayawa a kai. Ya tsaya ya dube shi, sai dariya ta kama shi, irin wadda ba ta fita da sauti. Maza shida da dakta guda sun yi yini suna kashe abu, ashe da hannunsu suka gina masa gidan da ya fi so, suka jefa shi ciki.

Ya zagaya ta gefen katanga ya ɗaga wani fasasshen bulo. Ga su nan. Toho biyar, shida, ƙanana kamar kunnen ɓera, masu gashi, sun leƙo ta tsakanin tsakuwa. Ya murza ɗaya da yatsa biyu ya kai hanci.

"Kin ga 'yar halak," ya ce da Afua da ta biyo shi. "An kore ta, ta samu wuri ta zauna."

"To sai ka kira Dakta ya gani!"

"Ya ga me? Ba ki san mai takarda ba. Zai ce doka ta ce a cikin fegi, wannan kuwa juji ne. Kuma ni ma a fegi na ce. Ki rufe bakinki, ki ara mini bokitin fentinki."

Aikin da ke gabansa ba na mai shekara saba'in da huɗu ba ne. In ya dasa ta cikin takin nan, mako ɗaya ta bi 'yan uwanta. Sai an kwashe taɓon, an mayar da duwatsun, an tayar da tudu, kuma kafin Alhamis. Baron lambu yana kulle, makullin na wurin Dakta, shi kuwa ya gwammace gwiwar ta karye da ya roƙa. Daga ya idar da sallar asuba sai ya taho, lokacin masu ilimi na tseren kama feri. Ya kwashe takin da shebur ɗin Afua ya watsa mata a fegi, ta ce ta gode, garin wani ya yi asara wani ya samu. Sannan ya shiga jigila. Rabin bokiti yake iya ɗauka. Taku arba'in zuwa, taku arba'in dawowa, sanda a hannu ɗaya. Talata ya yi sawu goma sha bakwai. Laraba gwiwar ta kumbura ta yi kamar gwanda, Hamdatu ta ɓoye masa takalmi, ya fito da silifas ɗin wanka. Afua ta rufe ido ta bar shago na awa biyu ta ɗauki bokiti a ka, yadda ake yi a gida, Turawan da ke wucewa ta bakin waya suna tsayawa kallo.

Manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa da farar ƙasa a kai, sannan 'yar ƙasa marar taki da ya kankaro daga gindin katanga. Ya karkata tudun yadda ruwa zai gangara ya bar shi. Da la'asar ɗin Laraba ya koma tsibin da wuƙar tebur, ya bi saiwar a hankali, ya ɗago ta da ƙasarta. Dunƙule uku ya samu masu rai. Ya raba babban gida biyu da hannu, ya zama huɗu. Ya dasa su tazarar kamu biyu-biyu, bai zurfafa ba, ya danne da tafi, ya ba kowace kofi ɗaya na ruwa. Ran Alhamis da safe mota ta zo ta kwashe abin da ya rage.

Kwana biyu suka kwanta kamar an zuba musu ruwan zafi. Afua ta zo da butar ban ruwa, ya tare ta da sanda.

"Kashe ta za ki ƙarasa? Ƙyale ta. Fushi take yi."

Ɗaya ta bushe ƙarmas. Ɗaya ta tsaya tsakanin rai da mutuwa. Biyu suka ɗaga kai.

Asabar ta farko a Mayu jama'a suka cika lambu, har da waɗanda ke kan layi, cikinsu da wani Abdul-Rahman mai gadin kanti, wanda aka riga aka yi wa albishir da fegi na ƙarshe, ya zo da sabuwar safar hannu. Dakta Uwaisu ya bi fegi-fegi da takarda a kan allo yana duba dashen da aka sayo jiya da yamma aka cusa a ƙasa, yana cewa madalla. Da ya iso jikin katanga ya tsaya cak. Fangalinsa babu. Sai tudun duwatsu, da dattijo a zaune kan bokiti ya miƙe ƙafa ɗaya naɗe da bandeji.

"Baba, wannan kuma fa? Duk aikin da muka yi?"

"Na mayar muku da ladanku, yana fegin Afua. Duba abin da ka zo dubawa."

Dakta ya sunkuya ya gyara tabarau. "To, akwai ɗan kore. Amma Baba, ka san ciyawa ma tana fitowa ko'ina. Ba za mu iya cewa..."

"Daga tsaye ake gane ƙasa a makarantarku? Durƙusa."

Ya dubi wandonsa, ya dubi jama'a. Ya durƙusa.

"Tsinki ganye ɗaya. Ɗaya na ce, ba gayya ba ce. Murza. Kai hanci."

Ƙamshin ya tashi har na bayansa suka ji, wani sanyi-sanyi mai ɗan yaji.

"Daga kanti ne?" in ji wani daga baya.

"Kantin uban wa!" Afua ta juya kansa. "A bola ɗinku ya fito, bayan ɗakin shebur. Ni na ɗauki dutsen a kaina, ka zo ka taɓa wuyana."

Dakta Uwaisu yana durƙushe har yanzu, yana duban yadda aka jera duwatsun, ya sa yatsa ya tona gefen tudun, ya ga ƙasar a bushe ko da an yi ruwa shekaranjiya. A hankali ya ce, "Magudana take so. Da ƙasa mai farar ƙasa. Ai kuwa haka ne, akwai irinsu."

"Ji shi," in ji Baba Tamimu. "Yanzu karatun ya iso. Feri ya biyo, shi ya sa ya makara."

Wannan karon ba wanda ya toshe baki. Dakta ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya yi 'yar dariyar dole, ya ɗaga allonsa.

"Me ka rubuta? Karanta mini, ka san ni jahili ne."

"Na rubuta akwai shuka mai rai, Baba. Fegi na hannun mai shi."

"Ƙara da cewa ba a taɓa shi sai an tambaya."

"Baba, babu wurin rubuta wannan a..."

"Juya bayan takardar."

Ya juya, ya rubuta. Abdul-Rahman ya cire safar hannunsa ya cusa a aljihu, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Baba Tamimu ya ce amin, ya ce masa kada ya damu, cikin masu tumatir ɗin nan akwai waɗanda ba za su kai Yuli ba. Sannan ya miƙa wa Hamdatu hannu ta ɗaga shi, ya jefa makullinsa a aljihu, ya ce ta tsaya tukuna kada su tafi, akwai wata ciyawa ta gaske da ta fito kusa da ta ukun, mai jinya, sai ya cire ta.